Surukin da Aka Kai Ganin Gari

Wani ne a garinmu, can Saskatchewan ta ƙasar Kanada, a bakin kogi, inda ƙasa ta kwanta shamal kamar an bi ta da dutsen guga. Mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa. Sana'arsa gyaran injin girbi. Aibinsa ɗaya ne: in dabara ta faɗo masa a ka, ko tarakta aka ɗaura masa ba za ta janye shi daga kanta ba.

Sai Allah ya haɗa shi da wata yarinya, Noreen, ma'aikaciyar jinya. Daga Newfoundland ta zo, can bakin teku, aikin shekara guda a asibitin garin. Shekara ta cika, magana ta yi ƙarfi. Ya ce ta zauna su yi aure. Ta ce ita ba ta ƙi ba, amma akwai tsohonta.

"Tun da Mama ta rasu ni kaɗai gare shi," in ji ta. "Ya ce zai zo da ƙafarsa ya ga garin. In ya ga abin da zai riƙe mutum a nan, ya sa mana albarka. In bai gani ba, in tattara kayana mu koma tare. Kuma na yi masa alkawari."

Mutumin ya yi dariya har da dukan cinya. "Abin gani? A garin nan? Yarinya, ai sai dai idonsa ya gaji."

"Tsaya ka ji. Baba masunci ne, shekara arba'in yana cikin teku. Ba ya son surutu. Ka kai shi bakin kogi, ka ba shi kujera da ƙugiya, ka ja bakinka ka yi shiru. Iyakar aikinka ke nan."

"Kogi? Dattijo ya taso tun daga ƙarshen ƙasa, jirgi biyu da mota, in kai shi kallon ruwa? A ce iyayena ba su ba ni tarbiyya ba?"

"Ni dai na faɗa maka."

"Bar ni da shi. Kwana biyu zai yi, ko? Da bakinsa zai ce a nema masa gida."

Washegari da sassafe ya nufi shagon shan kofi, inda tsofaffin manoma ke zama. Akwai biyu a cikinsu, Orest da Wilf, da suka shekara ashirin a tebur guda ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. In Orest ya ce za a yi ruwa, Wilf sai ya shanya kaya. Ya gaishe su, ya ja kujera, ya faɗa musu abin da ke tafe da shi.

"Rumbu," in ji Orest, ko tunani bai yi ba. "Ka fara da rumbun alkama. Baƙon da bai ga rumbun ba ai bai zo garin nan ba."

"Wannan gaskiya ne," in ji Wilf. Duk shagon aka waiwayo, don ba a taɓa jin haka daga bakinsa ba. Shi ma sai ya ji kunya, ya yi maza ya ƙara da cewa, "Amma da safe, ba da yamma ba kamar yadda wannan tsohon zai ce."

"Yaushe na ce da yamma?"

"Za ka ce. Daga nan sai otal, ɗan nan, daidai lokacin cin abinci."

Mutumin ya rubuta a bayan takardar goge baki, ya ninke, ya sa a aljihun gaba kamar takardar gona.

Ranar Juma'a tsohon ya iso. Sunansa Ambrose, gajere, kakkaura, fuskarsa kamar tsohuwar jakar fata da gishiri ya ci. Ya sauka a masaukin baƙi na wata mata, Darlene, da ke bakin babban titi, inda ita ma Noreen ta koma tun da wa'adin aikinta ya ƙare. Da safiyar Asabar ya fito cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci da sababbin takalma masu ƙyalli, tunda dai surukin gobe za a gani. Suka shiga akori-kurar mutumin su uku a gaba, Noreen a tsakiya.

Suka bi bayan gari har bakin layin dogo. Mutumin ya ja birki a wani fili, ciyawa ce iyakar ganinka, sai iska. Ya zagayo da gudu ya buɗe wa tsohon ƙofa.

"Baba, sauko a hankali. To, yanzu ɗaga kanka sama."

Ambrose ya ɗaga. Ya ga gajimare ɗaya yana wucewa abinsa.

"Ƙara ɗagawa, Baba. Ba ka kai ƙololuwa ba."

Ya ƙara har hularsa ta faɗi. "Yaro, me nake kallo?"

"Rumbun alkama! Nan yake a da. Duk yankin nan babu mai tsayinsa. Daga mil ashirin ake hango shi. Jan fenti, da sunan garin da farin rubutu, kowane harafi ya fi ka tsawo."

"A da?"

"An rushe shi ina aji biyu a firamare."

Noreen ta rufe fuska da tafin hannu. Ita ta sani, ta shekara a cikinmu. Mu haka muke. In ka tambayi hanyar asibiti, za a ce maka ka miƙe har inda gidan mai yake a da, ka karya dama, ka wuce inda shagon aski ya ƙone, to kana hango inda tsohon asibitin yake, sabon yana bayanka. Ba wanda ya taɓa ɓata. Sai baƙi.

Ambrose ya ɗauki hularsa, ya kaɗe, ya taka gaba kaɗan don ya miƙe ƙafa.

"A'a, a'a, Baba! Ta bango ka shiga! Zagayo ta nan, ga ƙofa."

Tsohon ya dubi 'yarsa. Ta yi masa alama da ido, don Allah. Ya koma da baya, ya zagaya ciyawa, ya shigo ta ciyawa.

"Yawwa. Yanzu kana kan sikeli. Nan motocin alkama ke tsayawa a auna su. Ka ji ƙanshin?"

"Ina jin kashin shanu."

"To ai gauraye yake, ko a da ma."

Sai ga ƙura ta taso daga hanya. Tsohuwar motar Wilf ce, Orest a gefensa. Sun kasa haƙuri, sun biyo sawu. Tun kafin motar ta tsaya Orest ya leƙo ta taga.

"Kai, ɗan nan! Wa ya ce maka nan ne sikeli? Ka tsayar da baƙo a ofishin manaja!"

"Ofishin manaja yana gabas," in ji Wilf yana saukowa da sanda. "Kai da ko gabas ba ka sani ba sai an nuna maka da rana."

"Ni na yi shekara talatin ina kawo alkama nan."

"Ƙaiƙayi dai kake kawowa. Sannu da zuwa, baƙonmu. Ɗan matsa hagu, akwai rami a nan, kada ka faɗa."

Ambrose ya dubi ƙasa. Ba rami. Amma ya matsa.

Mutumin ya ce ba za a tafi ba sai an ɗauki hoto. Ya tsayar da uba da 'ya a bakin ƙofa, ya ɗaga waya, ya girgiza kai, ya ja da baya. Ya sake dubawa, ya sake ja. Ya tsallake hanya, ya tsallake kwata, ya kutsa gonar wani har alkama ta kai masa ƙugu.

"Ina za ka kuma?" Noreen ta ƙwala masa kira.

"Saman ne bai fito ba!"

Da ya dawo ya nuna wa tsohon hoton. Sama ce shuɗiya fes, sai wasu ɗigo biyu a ƙasa kamar kashin ƙuda. Orest da Wilf suka karɓa suka duba. Wilf ya ciro hankici ya share ido.

"Ya fito," in ji shi. "Kamar jiya."

Rana ta take, mutumin ya ce sai otal. Ambrose ya ɗan saki fuska, don tun safe kofi kawai ya sha. Suka shigo cikin gari, suka wuce banki, suka wuce gidan waya, sai ga su a filin ajiye motoci na kantin kayan gini. Mutumin ya sauke tebur mai naɗewa da kujeru uku daga bayan mota, ya kafa su tsakanin wata motar ɗaukar katako da kwandon shara. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, har da fure a kwalba.

"Baba, bismillah. Na kama mana tebur kusa da taga."

Ambrose ya tsaya da hannu a aljihu. "Wannan kuma rushewa ya yi?"

"A'a, haba. Gobara ce."

"To, madalla."

"Hawa uku ne, Baba. Labule har ƙasa. Masu kawo abinci da fararen safar hannu. Kakata ta ce in ka shiga ba ka son fita."

Abin da ya ceci mutumin a nan, abincin na gaske ne. Mahaifiyarsa ta kwana biyu tana naɗa firogi, ƙullin fulawa da dankali da cuku a ciki, ta soya da albasa, ga kirim mai tsami, ga kubasa, niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa a hanji, mai tafarnuwa. Ambrose ya ci ɗaya, ya ci biyu, ya kwance maɓallin kwat. Rana tana dukan ƙeyarsa, kwalta tana turiri, amma ya ci na bakwai. Har ya ce, "Uwarka ta iya girki." Noreen ta yi ajiyar zuciya.

Wata mata ta shigo da mota tana neman wurin tsayawa. Ta ga tebur a hanyarta, ta sauke gilashi za ta yi magana, sai ta dubi inda suke zaune ta dafe ƙirji.

"Allah sarki, otal! A nan aka yi liyafar aurenmu. Ku ci abincinku, kada ku tashi, bari in zagaya ta baya."

Ta juya mota ta bi ta inda kicin yake.

Ana haka sai ga tsofaffin nan biyu, sun je sun sha magani sun dawo. Orest ya tsaya cak, ya dubi teburin, ya dubi turken fitila, ya fara takawa yana ƙirga taku da baki. Ya iso daidai kujerar Ambrose ya riƙe haɓa.

"Ɗan nan, wa ka tambaya kafin ka kafa teburin nan?"

"Me ya faru, Kawu?"

"Ka zaunar da surukinka a bayan gida."

"Ƙarya kake," in ji Wilf. "Ɗakin ajiye riguna ne."

"Bayan gida ne na maza! Ni za ka gaya wa? Ni da na yi amai a nan ranar bikinka?"

"Ranar bikina a kan matakala ka yi."

"Na farko ke nan. Na biyun nan ne, daidai inda farantinsa yake."

Ambrose ya ajiye cokali mai yatsu a hankali. Ya goge baki. Ya maida maɓallin kwat.

"Yaro, zan tambaye ka wani abu, ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. A garin nan, akwai abin da yake nan?"

"Da yawa, Baba! Ga banki, ga filin wasan ƙanƙara, ga ɗakin karatu. Amma duk sababbi ne. Ba su kai a kalle su ba tukuna."

"Yaushe suke kaiwa?"

"In an rushe su," in ji Wilf, yana mamakin tambayar.

Motar katakon ta tashi ta bar su da hayaƙi. Can Ambrose ya ce, "'Yata ta ce kuna da kogi."

Noreen ta taka ƙafar mutumin a ƙarƙashin tebur, ta ce masa ƙasa-ƙasa, haƙora a cije, "Ka ji. Da bakinsa ya roƙa. Kai shi kogi."

Mutumin ya dubi takardar aljihunsa. Kogi ba ya ciki. Ya ɗan ɓata rai. Sai kuma fuskarsa ta washe gaba ɗaya, irin washewar da duk wanda ya san shi yake gudu.

"Kogi kake so, Baba? Wallahi yau za ka ga kogi!"

Suka hau mota. Minti biyar suka iso gada. Ga kogin nan a ƙasa, faffaɗa, yana tafiya a natse tsakanin gaɓa biyu masu itatuwa, rana tana wasa a kansa. Kwasakwasai farare sun jeru a kan yashi kamar masu jiran liman. Wani mutum a ƙaramin jirgi yana kokawa da sandar ƙugiya, ta lanƙwashe kamar baka, sai ga kifi ya yi tsalle, tsawon hannu.

Ambrose ya sauke gilashi da sauri. Tun saukarsa garin, yanzu ne aka ga haƙorinsa.

"Kai! Tsaya, tsaya! Wane irin kifi ne wancan? Ka ga bayansa? Tsaya mana, yaro!"

Mutumin ya ƙara taka mai. "Kada ka ɓata idonka, Baba. Wannan sabon kogi ne."

"Sabo?"

"Shekarar babbar ambaliya ya komo nan, zamanin kakana. Ainihin kogin yana gaba."

Noreen ta kama naman cinyarsa ta murɗe. "Ka tsaya. Nan yake so."

"Wayyo! Ke ma kin ƙagu, ko? Saura kaɗan."

"Na ce ka tsaya!"

"Haba, Noreen. Mutum ya yi shekara arba'in a teku, in nuna masa kogin jiya-jiya? Raini ke nan."

Tsohon ya juya wuya yana kallon ruwan ta gilashin baya, har gadar ta ɓace.

Suka bar kwalta suka hau tsakuwa. Suka bar tsakuwa suka hau turɓaya. Suka bar turɓaya suka bi sawun tarakta, ta cikin wata gona, ta ƙarƙashin wayar shinge, har suka gangara wani kwari mai dogayen ciyayi. Mutumin bai tsaya a baki ba. Ya kutsa har tsakiya, ya kashe mota, ya buɗe hannuwa.

"To, Baba. Ga kogi. Yanzu haka muna tsakiyarsa. Da shekara tamanin da suka wuce ne, da tuni mun nutse."

Motar ta yi wani irin nishi, ta sauka ƙasa kamar taki ɗaya.

"Ashe bai gama tafiya ba," in ji Ambrose.

An yi ruwa kwana uku a makon, kwarin ya sha ya ƙoshi. Mutumin ya tayar da mota ya sa giyar baya. Tayoyi suka yi ta juyi suna feshin laka, motar ta ƙara zama. Ya sa ta gaba, ta ƙara zama. Ƙarar injin kuwa ta tashi masu gidan: sauro, baƙi ƙirin, irin namu na damina waɗanda in sun cije ka ta cikin wando sai ka ji kamar sun zo da allurar asibiti. Suka taso kamar hayaƙi. Mu sun saba da jininmu, ya gundure su. Sai ga jinin teku mai gishiri-gishiri.

"Rufe taga, Baba!"

"Sun riga sun shigo da iyalansu."

Ambrose mutum ne da bai iya zama ana wahala ba. Ya ce Noreen ta kama sitiyari, shi da yaron su tura. Ya buɗe ƙofa ya sauke ƙafar dama, ta shige har gwiwa. Ya sauke ta hagu don ya ciro ta dama, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ya yi ƙoƙari ya fizgo ɗaya, ta fito da safa kawai.

Daga saman kwarin aka ji hon. Su Orest ne, sun tsaya a busasshen wuri, sun rufe gilashi sun bar ɗan tsagi.

"Ɗan nan!" Orest ya yi kira ta tsagin. "Ka ce masa tsakiya ne? Ba tsakiya ba ne! Kuna kusa da gaɓa!"

"Tsakiya ne," in ji Wilf. "Nan jirgin fito yake ratsawa. Baƙonmu! Duba hagunka, ka ga inda igiyar jirgin take?"

Ambrose bai duba ba. Yana marin wuyansa da hannu biyu.

Mutumin ya hau kan rufin mota don waya ta kama, ya kira mai motar ja, mai jawo motocin da suka maƙale. Matsalar ita ce mai motar baƙo ne, shekararsa goma sha biyar kacal a garin.

"Kuna ina?"

"A kogi."

"Subhanallahi! Daga gada kuka faɗa?"

"A'a, ba wannan ba, na ainihi. Ka san inda makarantar 'yan Jamus take a da? To ka wuce ta. In ka zo inda tsawa ta kashe bijimin su Wilf, ka karya hagu."

"Akwai alama a wurin?"

"Wace alama kuma? Kowa ya sani. Ka miƙe har inda akwatin wasiƙar gwauruwar nan yake kafin ta koma wurin 'yarta."

"Malam, don girman Allah, ka faɗa mini abu ɗaya, ɗaya tak, wanda zan gani da idona yau."

Mutumin ya waiga gabas, ya waiga yamma. Ciyawa, sama, sauro.

"To, akwai surukina. Yana tsaye a kogi har gwiwa, da kwat."

Mai motar ja ya yi awa biyu yana zagaye gonakin mutane bai same su ba. Daga ƙarshe Wilf ne ya tuna yana da igiya a bayan mota. Ya ce tun ɗazu ya so ya faɗa, gardamar Orest ce ta ɗauke masa hankali. Aka fara jawo tsohon, sannan motar.

Suka kama hanyar dawowa. Sun iso gada rana ta yi ja, ta zuba a kan ruwa, kogin ya zama kamar narkakkiyar tagulla, kwasakwasai suna tashi biyu-biyu. Noreen ta taɓa hannun ubanta.

"Baba, duba."

"Ina?" in ji shi. Idanun sun kumbura sun rufe ruf, kamar an ɗinke.

A ƙofar masauki ya sauko da takalmi ɗaya, laka ta bushe masa har cinya, 'yarsa tana riƙe da hannunsa. Mutumin ya biyo su da fara'a.

"Baba, gobe ƙarfe takwas. Yau ai somin-taɓi ne. Akwai tashar jirgin ƙasa, akwai gidan sinima, akwai masana'antar man shanu. Na ajiye maka mafi kyau a ƙarshe: itacen."

Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen da muryar take. "Wane itace?"

"Muna da wani itace a da."

Ambrose ya gyaɗa kai sau uku, ya lallaba ya shige ɗaki. Noreen ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon mutumin, ta daɗe.

"Abu ɗaya na roƙe ka," ta ce. "Ɗaya."

"Ai na kai shi kogi."

Ta juya masa baya. Ta shiga ta ja ƙofa.

Ya koma gida yana fito. Ya gaya wa mahaifiyarsa tsohon ya ci firogi bakwai, kuma kallo ya ratsa shi har ya kasa magana. Ya wanke mota, ya sayi maganin sauro gwangwani biyu, ya sake sabuwar takarda.

Takwas saura kwata yana masaukin, da kofi uku a hannu. Ya ƙwanƙwasa ɗaki mai lamba shida. Shiru. Ya ƙwanƙwasa na bakwai. Shiru. Sai ga Darlene ta fito daga na shidan da zannuwan gado a kafaɗa. Ƙawar mahaifiyarsa ce, a gabanta aka haife shi.

"Goggo, ina kwana? Baƙina ba su tashi ba?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ajiye zannuwan a kan kujera.

"Zo, ɗan nan. Ajiye kofin. Yau ni zan kai ka ganin gari."

Ta kama hannunsa, ta ja shi har filin ajiye motoci. Ta tsayar da shi gaban wani gurbi tsakanin fararen layuka biyu. Ba komai a ciki sai ɗigon baƙin mai da sawun taya.

"Ka ga nan?"

"Na gani."

"Duba da kyau. Ƙaramar mota ce, shuɗiya, akwatuna har rufi. Tsoho a gaba da tsumma mai sanyi a ido. Yarinya a sitiyari, tana kuka tana dariya. Ƙarfe shida da rabi."

"Goggo, ban gane ba."

"Nan ne inda amaryarka take a da."

Mutumin ya tsaya kamar an dasa shi. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Ya dubi gurbin, ya dubi babban titi da ya miƙe gabas ba ko lanƙwasa, ba kowa a kai. Ya sake duban gurbin. Darlene har ta fara jin tausayinsa, ta ɗaga hannu za ta dafa kafaɗarsa.

Sai ya ja da baya taku biyu, ya karkata kai, ya auna da ido daga turken fitila.

"Goggo, ki tabbatar mini nan ne daidai. Kada in kawo baƙi su Kawu Orest su ƙaryata ni."